Yadda Ake Sauya wa Ƙaramin Kaktus Tukunya: Jagora ga Malaman Gona da Masu Lambun Furanni

Gabatarwa

Sana'ar sayar da furanni da shuke-shuken ado a bakin titi ta bunƙasa a manyan biranen ƙasar nan, musamman Abuja da Legas da Ibadan da Jos da Kaduna. Cikin kayan da masu wannan sana'a ke jerawa akwai wata 'yar shuka mai ƙaya da ake kira kaktus, wadda ma'aikatan ofis da matan gida ke saya su ajiye a bakin taga ko a kan tebur. Mai sayarwa kan ce wa mai saye ai wannan shuka ba ta mutuwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba a nan ta tsaya ba. Kaktus yana iya yin wata biyu ko uku babu ruwa ya rayu, amma kuma yana iya ruɓewa gaba ɗaya cikin mako biyu idan aka sauya masa tukunya ba bisa ƙa'ida ba.

Asarar ba ƙarama ba ce ga mai lambu. Yawancin ire-iren kaktus masu siffar ƙwallo ba sa saurin girma. Wanda ya kai girman ƙwan kaza yana iya kasancewa ya shekara biyu ko uku tun daga iri. Wanda ya rasa tukwane ashirin a dashe guda, aikin shekaru ya rasa.

Tushen matsalar sabo ne. Manominmu ya saba da dashen tumatir da tattasai da albasa: a cire da yamma, a dasa, a ba da ruwa nan take. Wannan daidai ne ga kayan lambu. Ga kaktus kuwa, shi ne hanya mafi sauri ta kashe shi. Ana dasa kaktus a busasshiyar ƙasa, da busasshiyar saiwa, a kuma hana shi ruwa har sai raunukan saiwar sun warke. Duk sauran bayanan da ke cikin wannan darasi a kan wannan ƙa'ida suka doru.

Wace irin shuka ce kaktus?

Asalin kaktus nahiyar Amurka ce, tun daga Kanada har kudancin Ajantina, kuma ƙasar Meziko ce ta fi yawan ire-irensa. Masana sun ƙidaya fiye da nau'i 1,400. Guda ɗaya ne kawai, mai suna Rhipsalis baccifera, ake samu yana tsirowa da kansa a dazuzzukan Afirka, shi ma a kan rassan itatuwa yake rayuwa, ba shi da kama da waɗanda ake sayarwa a bakin titi.

Jikin kaktus rumbun ruwa ne. Ganyensa ya rikiɗe ya zama ƙaya, koren jikin ne ke haɗa abinci, kuma ƙananan ƙofofin numfashinsa da dare suke buɗewa, lokacin da iska ta yi sanyi, don kada ruwa ya tsere. Saiwoyin yawancinsu sirara ne, ba sa nitsewa ƙasa sosai, sai dai su bazu kusa da sama domin su tsotse ruwan da ya sauka kafin ya ƙafe. A inda ya fito, ƙasa kan jiƙe da sauri ta kuma bushe da sauri. Saiwarsa ba ta saba da zama cikin laima ba. In ta daɗe a jiƙe sai ta rasa iska, ƙwayoyin cutar ruɓa da ke cikin ƙasa, irin su Pythium da Phytophthora da Fusarium, su sami hanyar shiga, musamman ta wurin da saiwa ta karye.

Akwai buƙatar malamin gona ya iya bambanta kaktus da wasu shuke-shukenmu na gida masu kama da shi. Ƙerana da ake shinge da ita a ƙauyukan Filato da kudancin Kaduna, da kuma tinya, mutane da yawa na kiransu kaktus, alhali dangin Euphorbia ne. Hanyar ganewa ita ce a dubi gindin ƙayar. A jikin kaktus, ƙayoyi suna fitowa ne daga wani ɗan kumburi mai laushi kamar an manna ƙullin auduga. Ƙerana ba ta da wannan. Ƙayarta bibbiyu take fitowa kai tsaye daga jiki. Sannan in aka yanki ƙerana ko tinya, farin ruwa kamar nono zai ɓulɓulo, mai ƙona fata, wanda ke iya lalata ido. Wasu ire-iren kaktus na dangin Mammillaria su ma suna da farin ruwa, saboda haka duba gindin ƙaya ya fi tabbas. Hanyar sauya tukunya kusan ɗaya ce ga dukkansu, amma mai aiki da Euphorbia sai ya ƙara kiyaye idonsa da hannunsa.

Yaushe ya kamata a sauya?

Ƙaramin kaktus ba ya buƙatar sabuwar tukunya kowace shekara. Sau ɗaya a shekara 2 zuwa 3 ya wadatar, masu jinkirin girma kuma har shekara 4. Abin da za a duba shi ne halin da shukar take ciki. Idan saiwa ta leƙo ta ramin gindin tukunya, ko jikin shukar ya cika bakin tukunya har babu wurin zuba ruwa, ko ta yi nauyi tana kifar da tukunyar, lokaci ya yi. Haka nan idan ƙasar ta dunƙule ta yi tauri, ruwa na kwanciya a sama ko yana zurarewa ta gefe ba tare da ya jiƙa ta ba, ko farin gishiri ya taru a bakin tukunya.

Akwai kuma wanda aka sayo sabo. Yawancin kaktus da ake shigowa da su daga waje suna zuwa ne a cikin wata baƙar ƙasa mai laushi kamar soso, ko a cikin niƙaƙƙen ɓawon kwakwa. Wannan ta dace da gidajen reno na zamani inda ake auna ruwa da zafi, amma a ɗakunanmu takan riƙe ruwa kwana da kwanaki, in kuma ta bushe ƙarau sai ta ƙi shan ruwa. Shawarata ita ce a bar sabon kaktus ya huta mako biyu a ware da sauran shuke-shuke, sannan a sauya masa ƙasa ko da tukunyar ba ta yi masa kaɗan ba. Wasu ma za a tarar an manne tsakuwar saman da gam, ko an liƙa busasshen fure na ƙarya a kansa don jan hankalin mai saye. A ɓamɓare tsakuwar a hankali. Furen kuwa, in cire shi zai yage fatar shukar, gara a datse shi da almakashi a bar gindin.

Game da lokacin shekara, abin da ake nema shi ne iska mai bushewa da ɗumi matsakaici. A kudancin ƙasar nan, inda wuri kamar Fatakwal ke samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, a yi aikin tsakanin Nuwamba da Fabrairu. A arewa, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba yana da kyau, haka ma ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, bayan sanyin hunturu ya sassauta kuma kafin zafin bazara ya tsananta. A Jos da kewaye a kauce wa tsakiyar sanyin Disamba da Janairu, domin saiwa ba ta saurin warkewa cikin sanyi. Tsakiyar damina ita ce mafi muni a ko'ina. Kada kuma a taɓa shukar da ke fure, sai furen ya zube. Amma in an ga alamar ruɓa ko ƙwari a saiwa, ba a jiran lokaci, a yi a ranar.

Zaɓen tukunya

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne tausayi. Mutum ya ga shuka a matse sai ya nemo mata babbar tukunya don ta sake. Babbar tukunya tana ɗaukar ƙasa mai yawa, ƙasa mai yawa tana riƙe ruwan da 'yar saiwar ba za ta iya shanyewa ba, sai ruwan ya zauna. Faɗin bakin sabuwar tukunya ya fi na tsohuwar da santimita 2 zuwa 3 kawai, wato ya zama akwai tazarar kamar faɗin yatsa ɗaya tsakanin jikin shukar da bakin tukunya ta kowane gefe. In dalilin sauyin lalacewar ƙasa ne ba girma ba, a mayar da shi tukunyarsa ta da bayan an wanke ta.

Tukunyar ƙasa da aka gasa, wadda ba a shafa mata fenti ko sinadarin ƙyalli ba, ita ta fi. Dalilin da ya sa randa ke sanyaya ruwa, wato tsattsafowar ruwa ta jikinta, shi ne ke sa ƙasar cikin tukunya ta bushe da wuri. Masu ginin tukwane na gida suna iya yin ta da araha. A gaya musu su huda gindin, ramin ya kai faɗin ɗan yatsa. Tukunyar roba ma tana yi, musamman a arewa inda ƙasa ke saurin bushewa, sai dai a rage yawan ban ruwa. Yawancin kaktus sun fi son tukunya mara zurfi. Waɗanda ke da doguwar saiwa mai kauri kamar karas ne kawai ke buƙatar mai zurfi, kuma za a gane su da zarar an cire su daga tsohuwar tukunya.

Kofuna da kwanukan ado marasa rami ba wurin dashe ba ne. In mai saye ya nace, a dasa a 'yar tukunya mai rami, a saka ta cikin kofin, a riƙa cire ta lokacin ban ruwa.

Tsohuwar tukunya a goge ta da burushi, a jiƙa ta minti 30 a ruwan bilic, kashi 1 na bilic cikin kashi 9 na ruwa, a ɗauraye sosai a shanya.

Wata al'ada da ta daɗe a littattafan lambu ita ce shimfiɗa tsakuwa mai kauri a gindin tukunya wai don ruwa ya fita. Binciken masana ƙasa ya nuna ba haka abin yake ba. Ruwa ba ya sauka daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa sai ƙasar ta cika ta batse, kamar yadda jiƙaƙƙen soso da aka ɗora kan tsakuwa ba ya sakin ruwansa. Abin da tsakuwar ke yi shi ne ɗago jiƙaƙƙen ɓangaren sama kusa da saiwa. Tsingaro guda ɗaya da aka kifa kan ramin, ko ɗan guntun ragar sauro, ya isa ya hana ƙasa zubewa. Tsakuwa a cikin haɗin ƙasar take amfani, a gauraye.

Haɗa ƙasa

A nan ne aikin yake. Ba sai an sayi ƙasar kanti ba. Kayan haɗin suna kusa da kowane manomi. Ana buƙatar abubuwa uku: ƙasar lambu mai kyau ko takin gargajiya da ya ruɓe sarai har ya koma ƙasa, da yashin kogi mai manyan ƙwayoyi, da kuma ƙananan tsakuwa ko dakakken jan bulo da aka gasa, masu girman ƙwayar dawa zuwa ta wake, wato kimanin milimita 3 zuwa 6. A auna da gwangwani ɗaya ko kwano ɗaya, kowanne awo guda. Wannan haɗi ya dace da arewa da tsakiyar ƙasar. A kudu, da kuma duk inda za a ajiye shukar a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, a ƙara awo ɗaya na tsakuwa, ya zama ƙasar lambu kashi ɗaya ce cikin huɗu. Ana iya ƙara ɗan dakakken gawayi, kamar cikin tafin hannu ga kowane kwano huɗu na haɗin. Wanda ya sami farin dutsen nan mara nauyi da masu kayan lambu ke sayarwa da sunan falayit, yana iya sa shi a madadin tsakuwa.

A tankaɗe yashi da tsakuwa a zubar da ƙurar, ko a wanke su har ruwan ya fito garau. Wannan mataki ne da mutane ke rainawa. Ƙurar ce ke toshe ƙofofin iska a cikin ƙasa. Saboda wannan dalili rairayi mai laushi, irin wanda magina ke yin shafe da shi, bai dace ba ko kaɗan. In ya haɗu da ƙasa mai yumɓu sai ya daskare kamar tubali. Mutane kan ce ai kaktus ɗan hamada ne, sai su cika tukunya da rairayi zalla. Akasarin ƙananan kaktus a cikin duwatsu da tsakuwa suke tsirowa a ƙasarsu, ba a kan tudun rairayi ba.

Abubuwan da za a guje wa su ne lakar fadama, da yashin bakin teku saboda gishirinsa, da ɗanyen kashin shanu ko na kaji, da garin katako, da ɓaraguzan siminti, da toka. Toka da siminti suna mayar da ƙasa mai kanwa-kanwa, alhali yawancin kaktus sun fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, wajen 6 zuwa 6.5 a ma'aunin tsamin ƙasa.

Ƙasar lambu da taki suna iya ɗauke da ƙwayoyin cuta da tsutsar saiwa da irin ciyawa. A turara su kamar yadda ake yi wa ƙasar renon tumatir: a ɗan yayyafa ruwa, a zuba a rabin duro, a rufe, a ɗora kan wuta har zafin tsakiyar ƙasar ya kai digiri 82 a ma'aunin Selshiyos, a riƙe shi haka minti 30. Ba toya ƙasa ake so ba, tururi ake so ya ratsa ta. Bayan an sauke a baza ta ta huce ta kuma bushe kafin a haɗa.

Akwai gwaji biyu masu sauƙi da malamin gona zai nuna wa manoma. A jiƙa kaɗan daga haɗin a damƙa a hannu. In an buɗe hannu ya wargaje, ya yi. In ya tsaya a dunƙule kamar fura, a ƙara tsakuwa. Sannan a cika wata tukunya da haɗin a zuba ruwa. Ya kamata ya fara fita ta gindi kafin a ƙirga goma. Wanda za a yi dashen da shi kuwa, busasshe ake so.

Cire shuka da duba saiwa

A daina ba da ruwa mako guda kafin ranar aiki, a kudu kwana 10. A tanadi tsohuwar jarida, da hantsaki, da wuƙa mai kaifi ko reza, da sifirit na goge wuƙar, da garin farar wuta, da siririn tsinke. A naɗe jaridar ninki da yawa ta zama kamar ɗamara, a zagaya jikin kaktus da ita, a riƙe bakunan biyu. Wannan ya fi safar hannu ta yadi, wadda ƙaya ke hudawa, kuma ba ya karya ƙayar. A tuna cewa a yawancin ire-iren kaktus ƙayar da ta karye ba ta sake fitowa a wurin, kuma kyan ƙayar ne mai saye ke biya.

A karkata tukunyar, a bubbuga gefenta, a tura tsinke ko fensir ta ramin gindi a turo ƙasar gaba ɗaya. Kada a ja shukar da ƙarfi, domin wuyanta, inda jiki ya haɗu da saiwa, shi ne wuri mafi rauni. In ta ƙi fita a yanka ledar ko robar, ko a fasa tukunyar. Tukunya ta fi shuka araha.

Daga nan a warware tsohuwar ƙasar da yatsu da tsinke. Idan baƙar ƙasar nan mai kama da soso ce, a yi ƙoƙari a cire ta duka, ko da sai an wanke saiwar da ruwa. Barin dunƙulenta a tsakiyar sabon haɗi yana nufin gefe zai bushe, tsakiya kuma, daidai wuyan shukar, ya zauna a jiƙe.

Lafiyayyar saiwa fara ce ko ruwan ƙasa mai haske, tana da ƙwari in an taɓa. Wadda ta yi baƙi, ta yi laushi, ko take wari, ta ruɓe. A yanke ta har inda nama ya fito fari tas, ana goge wuƙa da sifirit bayan kowane yanka. Busassun saiwoyi da suka zama kamar zare a cire su. In ruɓar ta hau jikin shukar, a yanke gindin gaba ɗaya, a ci gaba da yanka sama-sama har sai babu ɗigon ja ko baƙi a tsakiyar naman. A barbaɗa farar wuta, a ajiye a inuwa mako 2 zuwa 3 har wurin ya bushe ya yi ɓawo, sannan a ɗora shi kan busasshen haɗi kamar sabon yanka. Sau da yawa yakan yi sabuwar saiwa.

Abu na biyu da za a nema shi ne farin ƙwaron saiwa. Alamarsa farin abu kamar gari ko auduga a jikin saiwa da cikin bangon tukunya, kuma shi ne sau da yawa ke sa kaktus ya tsaya cak ba girma ba tare da an ga dalili ba. A wanke saiwar tas, a tsoma ta a maganin ƙwari mai lambar rajistar NAFDAC bisa awon da aka rubuta a jikin kwalbar, a zubar da tsohuwar ƙasar nesa da lambu. In kuma an ga ƙulle-ƙulle a saiwa irin na tumatir mai tsutsar saiwa, a yanke duk saiwar da abin ya shafa a ƙone.

Ko an yi yanka ko ba a yi ba, saiwa ta sami rauni. A kwantar da shukar a inuwa mai iska kwana 2 zuwa 3, in an wanke ko an yi yanka mai yawa kwana 5 zuwa 7. Babu abin da zai same ta. Na san wannan yana yi wa manomi nauyi, ganin shuka kwance saiwa a waje, amma ruwan da ke jikinta ya ishe ta makonni.

Dashen kansa

Wannan ba ya ɗaukar minti biyar. A rufe rami da tsingaro, a zuba haɗi kaɗan, a riƙe shukar a tsakiya da ɗamarar jarida, a baza saiwoyin, a riƙa zuba haɗi ta gefe da cokali ana bubbuga tukunyar a ƙasa don ya zauna. Ba a dannawa da ƙarfi. Zurfin ya zama daidai inda tsohuwar ƙasa ta tsaya, za a ga alamar a jikin shukar. Koren jikin da aka binne ruɓewa yake yi. A shimfiɗa tsakuwa mai kaurin santimita 1 a sama har ƙarƙashin wuyan, a bar kamar santimita 1 zuwa bakin tukunya. Dogon kaktus a tokare shi da sanda ko duwatsu har ya kama. A rubuta ranar dashe a jikin tukunyar.

Ruwa da rana bayan dashe

Kada a ba da ruwa sai bayan kwana 7 zuwa 10. In an yanke saiwa da yawa, ko ana cikin laima, a kai mako biyu. A farkon shekaruna na aiki na taɓa sauya wa wasu Mammillaria tukwane a watan Yuli, na bi duk ƙa'idojin haɗa ƙasa, amma na manta ban gaya wa mai ban ruwan lambun ya tsallake su ba. Shi kuwa ya yi aikinsa tsakani da Allah, safe da yamma. Kafin mako uku fiye da rabinsu sun zama kamar dafaffiyar kabewa. Laifina ne, kuma tun daga lokacin nake ware sababbin dashe a wani teburi dabam mai rufi, in ɗaura musu jan ƙyalle. Duk mai lambun da ke da yaran aiki ya yi wani abu makamancin haka.

Ranar ban ruwan farko a zuba sosai har ya fita ta gindi, a zubar da wanda ya taru a faranti. Daga nan ba a sake ba da ruwa sai ƙasar ta bushe har ƙasa. A soka tsinken tsire har gindin tukunya, a bar shi minti kaɗan a zare; in ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, a jira. Ba a ƙayyade kwanaki, domin tukunyar da ke bushewa cikin kwana 5 a Sakkwato a watan Afrilu tana iya yin mako uku a jiƙe a Kalaba a watan Agusta. Yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan kullum ba shi da amfani: wuya yana jiƙe, saiwar ƙasa tana ƙishi. Ruwan sama da aka tara ya fi na rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri. Da damina kuma a janye tukwane ƙarƙashin rumfa.

A ajiye sabon dashe a wuri mai haske amma ba cikin rana kai tsaye ba na mako biyu, sannan a fara ba shi hantsi, ana ƙarawa sannu a hankali. Kaktus da ya saba da ɗaki yana ƙonewa in aka fitar da shi rana tsaka farat ɗaya, kuma tabon fari ko rawaya da zai fito ba ya gogewa. Akasin haka ma matsala ce: wanda aka ajiye a kan teburin ofis nesa da taga zai yi tsini a ka, ya yi fari-fari yana neman haske, siffarsa ta lalace.

Taki sai bayan mako 6 zuwa 8, kuma lokacin da aka ga sabon toho. A narka takin ruwa na furanni a kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da aka rubuta. Kada a sa yuriya. Tana kumbura shukar ta yi laushi ta tsage.

Ɗan yamushewa a makonnin farko ba abin damuwa ba ne. Haka ma ɓawo mai tauri ruwan ƙasa a gindin tsohon kaktus, tsufa ne. Abin tsoro shi ne laushi. In gindi ya yi taushi ko ya canza launi zuwa rawaya ko baƙi, a tono shi a ranar a yi yankan da aka bayyana a sama.

Waɗanda suka bambanta

Kaktus mai jan kai ko rawaya ko ruwan hoda da ke kan koren kara mai kusurwa uku, shuka biyu ce aka aura. Na saman, wani nau'in Gymnocalycium ne da ba shi da koren sinadarin haɗa abinci, don haka ba ya rayuwa shi kaɗai. Na ƙasan, dangin Hylocereus ne, shi ke ciyar da shi. A riƙe shi ta karan ƙasa, kada a taɓa kan, kada kuma ƙasa ta kusanci mahaɗin. Ba ya son rana mai zafi, kuma ko an kula da shi ba ya cika wuce 'yan shekaru. Ya kamata mai sayarwa ya faɗa wa mai saye haka.

Sai kaktus na daji irin Schlumbergera, ɗan asalin duwatsun kudu maso gabashin Barazil, mai faffaɗan gaɓoɓi marasa ƙaya sosai. Shi a kan itatuwa da duwatsu masu laima yake tsirowa. Haɗinsa ya zama rabi ruɓaɓɓen ganye rabi yashi da tsakuwa, a ba shi ruwa bayan kwana 3 zuwa 4 da dashe, a bar shi a inuwa mai haske.

Kiyaye lafiyar mai aiki

Dangin Opuntia, masu faffaɗan gaɓoɓi kamar tafin hannu, suna da wasu ƙananan ƙayoyi kamar gashi masu ƙugiya, waɗanda ke shiga fata da yawa a taɓawa ɗaya. Kada a sosa, kada a sa baki. A cire na fili da hantsaki, sauran a manna salatif a fizge, ko a shafa farin gam na katako a bar shi ya bushe a ɓare. In ruwan ƙerana ko tinya ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta ba ƙaƙƙautawa na minti 15 zuwa 20, sannan a tafi asibiti. A nisanta yara daga wurin aikin.

'Ya'yan da ke gindi

Lokacin sauya tukunya shi ne lokacin ƙara jari. Echinopsis da Mammillaria da yawa suna fitar da 'ya'ya a gindi ko a gefe. Wannan hanya ta fi dogaro da na waje, domin kusan dukkan dangin kaktus suna cikin jerin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin daji tsakanin ƙasashe, wadda Nijeriya ke cikinta, kuma wani nazari na duniya da aka wallafa a 2015 ya gano kashi 31 cikin 100 na nau'o'in kaktus suna fuskantar barazanar ƙarewa, tono su daga daji don sayarwa na cikin manyan dalilai.

A zaɓi ɗan da ya kai girman goro, a murɗe shi a hankali ko a yanke da wuƙa mai tsabta daidai mahaɗinsa da uwar. A barbaɗa farar wuta a raunukan biyu, a shanya ɗan a inuwa mako guda. A ɗora shi kan busasshen haɗi a 'yar tukunya mai faɗin santimita 5 zuwa 6, a ɗan nutsa gindinsa cikin tsakuwar sama don ya tsaya. Bayan kwana 10 a fara jiƙa ƙasar kaɗan. Saiwa kan fito cikin mako 3 zuwa 6 a lokacin ɗumi. In an ɗan taɓa shi da hantsaki aka ji ya riƙe ƙasa, ya kama, sai a koma ba shi ruwa kamar manya.